Yaron da Ba Shi da Gida a Littattafan Yara: Wa Labarin Yake Yi wa Aiki?

Kwanakin baya na zauna ina karanta wa 'yar ƙanwata mai shekara bakwai wani ɗan littafi mai hotuna. Labarin wani yaro ne da ke kwana a bakin titi, 'yan ajinsu suna yi masa dariya saboda takalminsa ya ɓule har yatsa na leƙowa. Can sai jarumar labarin ta ji tausayinsa, ta cire rigar sanyinta ta ba shi, malama ta yaba mata a gaban aji, aka tafa. Shafin ƙarshe hoton yarinyar ne kwance a kan gadonta, an lulluɓe ta, tana murmushi. Na rufe littafin. Sai 'yar tawa ta karɓe shi daga hannuna, ta sake buɗewa, tana juya takardun baya kamar mai neman shafin da ya ɓace. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, to shi yaron ina ya kwana?"

Littafin bai faɗa ba. Marubucin ya gama da yaron tun lokacin da ya miƙa hannu ya karɓi riga. Ko suna ma bai ba shi ba. Tambayar yarinyar nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin ta taɓo ainihin inda wannan rukuni na littattafai ke yawan yin tuntuɓe. Labarin da ya haɗa rashin matsuguni da cin zali da koyon kirki yana da mutum uku a cikinsa ko an so ko ba a so ba: wanda ake zalunta, mai zaluntar, da mai kallo. Yana kuma da masu karatu iri biyu, yaron da ke da ɗakin kwana da yaron da ba shi da shi. Yadda marubuci ya raba hankalinsa tsakanin waɗannan shi ne ke nuna ko littafin zai amfani yaro ko kuwa kawai zai sa babba ya ji ya sauke nauyi.

Mu fara da shi kansa yaron da ake cewa ba shi da gida. A hotunan littattafai kusan kullum iri ɗaya ne: tsumma a jiki, kwali a shimfiɗe, fitilar titi a samansa. Akwai yara masu rayuwa haka, kuma suna da yawa. Amma mafi yawan yaran da ba su da matsuguni ido ba ya gane su. A Amurka akwai dokar McKinney-Vento ta 1987, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati su gano irin waɗannan ɗalibai, su karɓe su ko da ba su da takardun shaidar adireshi, su kuma bar su su ci gaba da zuwa makarantarsu ta asali ko da iyali sun koma wata unguwa. Ƙididdigar da ake tarawa a ƙarƙashin dokar tana nuna ɗalibai sama da miliyan ɗaya a shekara, kuma kusan uku cikin huɗu daga cikinsu suna raɓe ne a gidan wasu, dangi ko abokan iyaye, bayan an rasa haya ko aiki. Sauran suna gidajen agaji, ko ƙananan otal, ko cikin mota. A Ingila ma yaran da ke zaune a masaukin wucin gadi na hukuma sun haura 100,000 tun shekaru da dama. Waɗannan ƙasashe ne masu arziki da ke iya ƙirgawa. Inda yaƙi ko ambaliya ko gobara ta kori mutane daga muhallinsu, abin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ma'anar wannan ga marubuci da malami babba ce. Yaron da ba shi da gida yana zaune a cikin ajin da ake karanta littafin. Yana iya zama shi ne na uku a layin gaba, sanye da kayan makaranta wankakku, bai faɗa wa kowa ba cewa wata uku ke nan shi da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu suna kwana a falon gwaggonsa, ana naɗe shimfiɗa da asuba kafin masu gida su fito. A 1990 wata masaniyar adabin yara a Jami'ar Jihar Ohio, Rudine Sims Bishop, ta kwatanta littafi da abu uku: madubi wanda yaro ke ganin kansa, taga wadda yake hango rayuwar wasu, da ƙofar gilashi wadda yake iya turawa ya shiga. Littafi ɗaya taga ne ga wannan, madubi ne ga na kusa da shi. Idan abin da madubin ya nuna wani abin tausayi ne marar suna, marar magana, mai jiran sadaka, to yaron ya koyi darasi guda tak: ya ƙara ɓoye sirrinsa, kar a gane shi ne wancan.

Al'adar rubuta talaka don a yi masa kuka tsohuwa ce. A 1845 Hans Christian Andersen na ƙasar Denmak ya fitar da gajeren labarinsa na yarinya mai tallar ashana, wadda ke yawo ba takalmi a daren ƙarshen shekara, tana tsoron komawa gida don ba ta sayar da komai ba kuma uban zai doke ta. Ta rakuɓe a lungu tana ƙyasta ashana ɗaya bayan ɗaya don ta ji ɗumi, har sanyi ya kashe ta. Labarin yana da ƙarfi, kuma ya yi abu ɗaya da ya dace a yaba: mai karatu yana cikin kan yarinyar, yana ganin abin da take gani a cikin wutar ashanar, alhali masu wucewa da safe gawa kawai suka gani. Sai dai masu kwaikwayonsa sun ɗauki hawayen sun bar wannan. Daga nan aka samu jerin labarai da talaka ke shan wahala cikin haƙuri, ya yi godiya, ya ɓace, mai karatu ya share ido ya ji zuciyarsa ta yi laushi.

Tausayi ba laifi ba ne. Matsalarsa ita ce daga sama yake kallo. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wanda ke bibiyar yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, ya fitar da sharhinsa na 21 a 2017 game da yaran da rayuwarsu ta rataya a kan titi, bayan an ji ta bakin yara da matasa sama da 300 daga ƙasashe 32. Sharhin ya bambanta hanyoyin da hukumomi ke bi da su. Akwai hanyar danniya, wadda ke kallon yaron a matsayin ɗan iska da za a kama a share daga titi. Akwai hanyar jinƙai, wadda ke kallonsa a matsayin abin da za a ceto, a yanke masa shawara ba tare da an tambaye shi ba. Sai hanyar haƙƙi, wadda ke ɗaukarsa mutum mai ra'ayi da ƙwarewa, wanda ake yin shawara da shi. Na ga wannan rabe-raben ya zauna daram a kan littattafan yara. Tsofaffin labarai da dama suna bin hanya ta farko, inda yaron titi ɓarawo ne da ake gargaɗin yaran kirki su guje shi. Na zamani da yawa suna bin ta biyu, kamar wanda na karanta wa 'yata. Kaɗan ne ke kai wa ga ta uku.

Akwai dalilin da ya sa shiga cikin kan mutumin ke da muhimmanci haka. A 2006 Lasana Harris da Susan Fiske na Jami'ar Princeton sun nuna wa ɗalibai hotunan mutane iri-iri yayin da na'ura ke ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu. Akwai wani sashe a gaban ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan mutum yana tunanin wani mutum, me yake ji, me yake so. Da aka nuna hotunan tsofaffi, ko masu kuɗi, ko 'yan wasa, sashen ya motsa. Da aka nuna na marasa matsuguni da masu shaye-shaye, bai motsa yadda ya saba ba, sai sassan da ke da alaƙa da ƙyama suka ɗauka. Wato ido na iya sauka a kan mutum, kai bai lissafa shi mutum ba. Yara ba a haife su da wannan ba, suna koyonsa ne daga yadda hannun babba ke ƙara damƙe nasu idan an zo wucewa, da yadda ake kau da kai. Labari kuwa, idan an yi shi da kyau, aikinsa ke nan: ya tilasta wa mai karatu ya yi tunanin me wancan yake tunani.

Misalin da na fi so a nan shi ne littafin hotuna da Eve Bunting ta fitar a 1991, game da wani yaro mai suna Andrew da mahaifinsa waɗanda ke zaune a filin jirgin sama. Yaron ne ke ba da labarin da bakinsa. Ya san ƙa'idojin zaman: a sa tufafi masu launin da ba ya jan ido, a yi barci a zaune, a riƙa sauya ɓangare, kar a bari ma'aikata su san fuskarka. Uban yana da aikin shara a ƙarshen mako, kuɗin ne ba su kai na haya ba. Yaron yana ɗan tara nasa, kuma wani lokaci yana jin haushin matafiyan da ake tarba a kai su gida. Wannan haushin shi ne abin da ya fi burge ni. An bar yaron ya zama cikakken mutum, mai wayo da fushi da buri, kuma babu wani mai kuɗi da ya faɗo daga sama ya warware komai a shafin ƙarshe. Mai karatu ɗan shekara bakwai zai fita daga littafin yana girmama Andrew, domin ya san abubuwan da shi bai sani ba.

Sai batun cin zali, wanda a nan ne bincike ya fi yi wa marubuta nisa. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan'adam haifaffen Suwidin da ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Bergen ta Norwe, shi ne ya fara nazarin abin da tsari tun farkon shekarun 1970. Ya ware cin zali daga faɗan yara na yau da kullum da alamomi uku: ana yin sa da gangan, ana maimaita shi, kuma akwai rinjayen ƙarfi wanda ya sa wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Ƙarfin ba lallai na damtse ba ne. Yawan abokai ƙarfi ne, iya baki ƙarfi ne, daɗewa a makaranta ma ƙarfi ne. A ƙarshen 1982 wasu yara maza uku a arewacin Norwe suka kashe kansu, aka alaƙanta abin da tsangwamar da suka sha daga 'yan makarantarsu, kuma wannan ne ya sa gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da gangami na ƙasa baki ɗaya a 1983. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar.

Idan aka ɗora ma'aunin Olweus a kan yaron da ba shi da matsuguni, za a ga kusan duk wani rinjaye yana gefen wasu. Yana yawan sauya makaranta, don haka kullum shi ne baƙo, ba shi da wanda zai tsaya masa. Riga ɗaya yake maimaitawa. Wani lokaci babu ruwan wanka inda ya kwana. Yana gyangyaɗi a aji don daren jiya bai yi barci ba, bai yi aikin gida ba don babu tebur ko haske. Ba zai iya gayyatar kowa gida ba, don haka idan an gayyace shi sai ya ƙi zuwa, a ce yana da girman kai. Kuma yana ɗauke da sirri, wanda duk ya gano shi ya samu makami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon ba yaron ne ya tsaga shi ba.

Littattafai masu rauni suna zana mai cin zali a matsayin ƙato mai murtuke fuska, wanda kowa ya tsana, wanda daga ƙarshe za a kunyata shi ko ya fashe da kuka ya tuba. A zahiri sau da yawa shi ne yaron da ake so a zauna kusa da shi, mai ban dariya, wanda malamai ma ba sa zargi. Abin da yake nema shi ne matsayi a idon tsara, kuma matsayi ba ya samuwa sai da 'yan kallo. Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku a Finlan ta nuna wannan a wani bincike na 1996, inda ta gano cewa kusan kowane yaro a aji yana da rawar da yake takawa. Ban da mai zalunci da wanda ake zalunta, akwai mataimaki wanda ke sa hannu idan an fara, akwai mai zugawa da dariya da ihu, akwai mai janye jiki ya ce ba ruwansa, sai mai karewa, wanda bai kai ɗaya cikin biyar ba. A Kanada kuma Debra Pepler da Wendy Craig da abokan aikinsu sun ɗauki bidiyon filayen wasa na makarantun firamare. Sun ga cewa a sama da kashi 80 cikin 100 na lokutan da ake cin zali akwai wasu yara a wurin, kuma ba kasafai suke shiga ba. Amma idan suka shiga, a kashi 57 cikin 100 abin yana tsayawa cikin daƙiƙa 10. A kan wannan fahimta aka gina shirin hana cin zali mai suna KiVa a Finlan, wanda aka yaɗa a makarantun ƙasar daga 2009, kuma hankalinsa ya fi karkata ga sauya halin 'yan kallo.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Duk wanda aka taɓa tsangwama yana ƙarami ya san gaskiyar wannan. Shekaru suna wucewa, maganar da mai zaluncin ya faɗa tana dushewa, amma fuskar abokin da ya tsaya yana kallon ƙasa, ko ya ɗan yi dariya don kar a ware shi, ba ta gogewa. A ganina a nan ne marubucin yara ya kamata ya kafa tukunyarsa, domin mafi yawan masu karatunsa 'yan kallo ne. Ba su ne ke jagorantar tsokana ba, ba kuma su ake yi wa ba. Su ne masu jin ba daɗi a ciki, ba su san abin yi ba, suna tsoron idan suka yi magana abin zai juyo kansu.

Eleanor Estes ta gane wannan tun 1944, shekaru da dama kafin masu bincike su sa masa suna. Littafinta labarin Wanda Petronski ne, 'yar talakawa 'yan asalin Polan a wani ƙaramin garin Amurka, wadda kullum riga ɗaya shuɗiya koɗaɗɗiya take sawa, ta kuma ce tana da riguna ɗari a gida. 'Yan mata suka mai da tambayarta wasa, kullum sai an tare ta an ƙirga. Amma labarin ta idon Maddie ake ba da shi, ƙawar shugabar masu tsokanar. Ita ma Maddie 'yar talaka ce, tsofaffin kayan ƙawar tata ake gyara mata take sawa, kuma ta san idan aka bar Wanda ita ce ta gaba. Don haka ta yi shiru. Wata rana aka wayi gari iyalin Wanda sun bar garin, uban ya aiko da wasiƙa cewa sun koma babban birni inda ba za a yi wa sunansu dariya ba. Maddie ba ta samu damar tsayawa gaban Wanda ta ba ta haƙuri ba. Abin da ta samu shi ne daren da ta kasa barci, da ƙudurin cewa ba za ta sake tsayawa tana kallo ba ta ce komai ba. Wannan ƙarshen ya fi tafi da yabon malama gaskiya, domin yana gaya wa yaro cewa dama tana wucewa, kuma yaran da ba su da tsayayyen wurin zama su ne suka fi saurin ɓacewa daga aji ba sallama.

Duk da haka ina da ƙorafi ɗaya a kan littafin, kuma ƙorafin ya shafi dubban da suka biyo bayansa. Rigunan ɗari sun tabbata, zane ne Wanda ta yi, masu kyau har ta ci gasar aji. Sai a lokacin aji ya gane darajarta. Wannan salo ya zama ruwan dare: yaron titi ashe gwanin kiɗa ne, tsohon da ke kwana a tasha ashe tsohon jarumi ne, marayan ashe ɗan masu mulki ne da ya ɓata. Saƙon da ke ɓoye a ciki shi ne ka kyautata masa don ƙila wani ne. To idan ba wani ba ne fa? Idan bai iya zane ba, yana da saurin fushi, yana cin abinci da gaggawa, ba ya cewa na gode? Melvin Lerner ya nuna tun shekarun 1960 cewa mutane suna da ƙishin yarda cewa duniya adala ce, kowa abin da ya cancanta yake samu, har idan suka ga wanda ke shan wahala kuma ba su iya taimaka masa sai su fara nemo masa laifi don hankalinsu ya kwanta. Labarin da ya ce sai talaka ya nuna baiwa kafin a daina wulaƙanta shi yana ciyar da wannan ƙishin ne. Haka ma labarin da ke biyan mai alheri ninki goma a shafin ƙarshe. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, na yarda. Amma yarinyar da ta zauna kusa da wadda kowa ke gudu tana iya rasa ƙawaye biyu a wannan makon, kuma littafin da bai faɗa mata haka ba ya tura ta fage ba shiri.

To shin labari yana sauya hali kuwa, ko fata ne kawai na manya? Akwai amsa, kuma tana da sharuɗɗa. A 2014 Kang Lee na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa sun gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 7. Ana barin yaro shi kaɗai da abin wasa a bayansa, a ce kar ya leƙa, yawanci kuwa sai sun leƙa. Sai a karanta masa labari, a tambaye shi ko ya leƙa. Labaran da ke nuna mugun ƙarshen maƙaryaci, irin na yaron da ke ihun kerkeci na ƙarya har ranar da na gaske ya zo, ba su ƙara faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi aiki shi ne labarin yaron da ya amsa laifinsa uban ya yi farin ciki da gaskiyarsa. Da masu binciken suka sauya wannan labarin ya koma na horo, tasirin ya ɓace. Gaskiya ake gwadawa a nan, amma darasin ya isa ga kirki: tsoratarwa ba ta koya wa yaro abin da zai yi, nuna masa wani yana yi shi ke koyarwa.

A wani gwajin a jami'ar dai, wanda Nicole Larsen da Patricia Ganea da Lee suka wallafa a 2017, an karanta wa yara 'yan shekara 4 zuwa 6 labarin raba abu da wasu, wasu da hotunan mutane, wasu da hotunan dabbobi masu sa riga da magana. Waɗanda suka ji na mutane ne kaɗai suka ƙara yawan sitikar da suka ba wani yaro bayan karatun. Wannan ya kamata ya sa masu rubutu su tsaya su yi tunani, domin an saba ɓoye batutuwa masu nauyi a bayan ɗan kare marar gida ko ɗan tsuntsun da aka kora daga sheƙa. Yaro zai yi wa karen kuka, amma ba lallai ya haɗa shi da yarinyar da ke zaune a bayansa ba. A Ingila kuma, Lindsey Cameron da Adam Rutland da abokan aikinsu sun nuna a 2006 cewa karanta wa yaran firamare labaran da yaro irinsu ke abota da ɗan gudun hijira, na tsawon makonni, ana tattaunawa bayan kowane karatu, yana gyara yadda suke kallon 'yan gudun hijira. A lura, abota aka nuna musu, mutum biyu suna wasa suna saɓawa suna shiryawa, kowa yana da abin da yake ba ɗan'uwansa.

Idan aka haɗa waɗannan, siffar labarin da ke aiki tana fitowa. Kirkin da ke cikinsa ƙarami ne, daidai ƙarfin yaro, kuma ana ganin yadda ake yin sa dalla-dalla. Ga yarinya riƙe da kwanon abincinta a tsakiyar ɗakin cin abinci, teburin ƙawayenta a dama an bar mata wuri, sabuwar yarinyar a hagu ita kaɗai tana kallon bango. Ƙafarta ta yi nauyi. Ta je hagu, ta zauna, ba ta san me za ta ce ba, sai ta tambaya ko ta gane lissafin ɗazu. Sabuwar ta amsa a gajarce, don ta saba duk mai matsowa da wata manufa yake zuwa. Washegari ta sake zuwa. Yaro zai iya kwafar wannan gobe da safe. Zai iya kwafar ƙin yin dariya, da cewa "ku bari mana, ba daɗi," da rufe sirrin da aka ba shi amana, da zuwa ya faɗa wa babba idan abin ya fi ƙarfinsa.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, kuma littattafai da yawa suna tsallake shi don suna so yaro ya zama gwarzo shi kaɗai. Ɗan shekara takwas ba zai iya biyan kuɗin haya ba, ba zai iya samo wa uban abokinsa aiki ba. Rashin matsuguni matsalar manya ce, ta tsadar gidaje da ƙarancin albashi da rikicin aure da rashin lafiya da yaƙi, kuma a shirin da Olweus ya tsara wa makarantu ma nauyin hana cin zali a wuyan manyan makaranta aka ɗora shi. Labarin da ya bar yaro da tunanin cewa rigar sanyi ɗaya ta magance komai ya yi masa ƙarya. Wanda ya bar shi da tunanin cewa shi ne ya kasa, ya ɗora masa kayan da ba nasa ba. Ina son in ga malamar da ta lura ta ajiye sabulu da tawul a ofis ba tare da ta sanar a aji ba, da uwar da ke cike takardun neman gida har dare, don yaro ya san akwai masu ɗauke da babban kayan, nasa shi ne ya zama aboki.

Shi ma babban da ke karantawa yana da aiki. Kar a rufe littafi a ce "to me muka koya," domin yaro ya san amsar da ake so, zai faɗe ta ya tashi. Gara a tsaya a tsakiyar shafi a nuna yaron da ke gefen hoto, wanda bai ce komai ba, a tambaya me ake jin yana tunani, me ya hana shi magana. Idan a aji ne, kar a taɓa neman wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ɗaga hannu, kuma kar ido ya sauka a kan wanda ake zargi. Ya isa malami ya faɗa a sauƙaƙe cewa iyalai da yawa suna shiga irin wannan yanayi, kuma ba laifin yaran ba ne. Wanda maganar ta shafa ya ji.

Ni da 'yar ƙanwata mun ƙare da ɗauko farar takarda muka liƙa a bayan littafin. Ta ce sai an fara sa masa suna, ta yi ta canzawa har sau uku kafin ta tsaya a kan ɗaya. Na yi zaton za ta zana masa gida. Sai ta zana benci, shi da yarinyar a zaune, yana nuna mata yadda ake naɗe takarda ta zama jirgin ruwa. Na ce, "Ina gidan?" Ta ce mamansa na can tana nema, bai samu ba tukuna, amma gobe zai zo makaranta. Ta ƙara wasu yara biyu a nesa suna leƙe, ta daɗe riƙe da fensir a kan ɗayansu, sannan ta goge ƙafarsa ta sake zana ta a ɗage, kamar mai shirin takowa.